Na Zaɓi Inuwa, Na Manta da Ruwa

Malam Edita, ina gaishe ka, ina gaishe da masu karanta wannan shafi. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aikin soja na koyi baƙi da wasali, kuma ko a can ma malamin da ya koya mana cewa ya yi hannuna ya fi dacewa da ludayi. Gaskiyarsa, domin kuku ne ni a bariki, har na yi ritaya ban taɓa harbin ko kaza ba, sai dai in yanka ta. A shekarun da zan ba da labarinsu, wato bayan sojoji sun mayar da mulki hannun farar hula, na riga na dawo gida Zuru da ɗan fanshona da furfurata da bakina da ba ya rufuwa. Matata ta rasu, 'ya'yana mata duk sun yi aure, ni kaɗai ne a gida sai wata akuya da ta raina ni. Aikina ba ya wuce in leƙa gona da safe in gaishe ta daga nesa, in dawo in yi wanka, in ɗauki sandata in nufi layin masu burkutu.

Layin nan tun ina yaro yake wurin, tun wurin yana bayan gari. Mata ne ke dafawa, yawancinsu matan sojoji da mazajensu suka mutu suka bar su da yara. Gidan da nake zama na matar abokina ne marigayi. Ni da shi tare muka yi golmo, wato noman da samarinmu ke yi wa uban yarinya damina bayan damina kafin a ba su ita. Ƙungiya ake yi, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan, saboda haka gumina ma yana cikin abin da aka biya aka auro matar nan. Ita dai cewa take yi a duk samarin da suka yi wa babanta noma ba ta ga wanda ƙaya ta so kamar ni ba, da rana ta take sai a gan ni a gindin bishiya ina cirar ƙayar da babu ita. Ina ce mata matarmu, tana ce mini malalacin golmo, haka muka tsufa. Mijin ya rasu a bakin aiki a wata ƙasa da aka tura su, kuma da tukwanen nan ta yi wa yaranta makaranta. Babban ɗanta shi ma soja ne, yana bariki a Legas, kullum yana aiko mata ta bar wahalar wuta ta koma wurinsa. Ita kuwa ta rantse ba za ta je ta zauna a bene tana jiran matar ɗa ta zuba mata abinci ba. Ta ce muddin hannunta na iya juya muciya, a Zuru za ta zauna, a Zuru za a binne ta.

Saboda yawan zamana a wurin da yawan surutuna, wata rana tsofaffin sojojin da muke sha tare suka naɗa mini wani tsohon tawul a ka suka ce daga ranar ni ne Sarkin Ƙwarya. Wasa ne, kowa ya sani. In na shigo sai a miƙe a ƙame, a sara mini, ni kuma in yi gyaran murya in yanke wa wanda ya makara hukuncin sayen ƙwarya guda. Ko matan layin in sun gan ni sai su ce ranka ya daɗe, su kwashe da dariya. Abin da ban sani ba shi ne, in aka daɗe ana kiran mutum sarki, wani ɓangare na kansa yakan fara yarda.

A hankali gari ya girma ya kewaye mu. Aka gina gidajen bulo gaba da baya, ga masallaci a wannan ƙarshen, ga coci a wancan. Sai kuma wasu samari suka kama shaguna a bakin layin suna sayar da giyar kwalba da ogogoro, da janareta da manyan lasifikoki, kiɗa har gari ya waye. Mu tsofaffi da magariba muke watsewa, amma wanda kiɗa ya hana barci ba ya tsayawa rarrabe tukunya da kwalba. Wanda katangarsa ta fi kusa da shagunan wani tela ne, na'ibin limamin unguwar, kowa Malam yake ce masa. Mutumin kirki ne, shi ke yi mini facin wando, kuma duk sanda na je sai ya tambaye ni yaushe zan tuba, ni kuma in ce masa sai ya fara tuba da tsawwala kuɗin faci. Shi da dattawan coci suka haɗa kai suna ƙorafi, abin da ban taɓa ganin sun yi a kan wani abu ba. Lokacin kuma ana ta maganar shari'a a jihar, kowa zuciyarsa a kusa take. Ranar da aka fasa wa wani ɗan kabu-kabu kwalba a ka, yaran Malam suka fito za su makaranta suka tarar da jini a ƙofar gida, sai magana ta fita daga hannun dattawa. Wasu matasa suka ce za su sa wa layin wuta, wasu suka ce wanda ya taɓa tukunyar burkutu ya taɓa gadon kakanninsu. Na ga yaran da suka tashi suna ƙwallo tare sun daina gaisawa.

Zaɓe kuma ya matso. Akwai wani mai neman kansila a mazaɓarmu, yaro mai fara'a da sabuwar shadda, yana son ƙuri'ar masallaci da ta coci da tamu ta masu ƙwarya, bai son ko ɗaya ta zube. Shi ya kira taron sulhu, ya aiko layin ya tura wakili. Ranar ta faɗo jajibirin kasuwa, kowace mace wutarta na ci, ba mai iya barin tukunya. Sai matar abokina ta ce tun da ni ba ni da aikin yi, in je. Ta riƙe mini hannun riga ta ce kunne kawai suka aika, ba baki ba, in ji abin da aka ce in dawo in faɗa musu. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai ni soja ne, na san oda.

Malam Edita, ina isa aka ce ga Sarki ya iso. Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ne a bayana. Aka ba ni kujerar roba mai hannu a jerin gaba, aka buɗe mini lemo mai sanyi, mai neman kansila ya rusuna ya kira ni Baba Sarki a lasifika. Shekara nawa ina dafa wa hafsoshi abinci, ba wanda ya taɓa tambayata ko gishiri ya ji, yau ga gari guda na jiran bakina. Shawarar da ya kawo ita ce a ɗauke layin gaba ɗaya a mayar da shi bakin gari, a ba kowace mace fili, kowa ya huta. Ya ce fili biyu ne, ni zan zaɓa. Aka sa ni a gaban mota, mai sanyi a ciki, har da ɗaura mini bel. Na farko yana wajen hanyar Dabai, a gangare, kusa da fadama. Muna sauka takalmina ya nutse a taɓo, sauro suka yi mini maraba tun da rana, ba bishiya ko ɗaya sai ciyawa. Na biyun yana wajen hanyar Manga, a kan tudu, da manyan ɗorawa da tsamiya, ga faffaɗan dutse kamar an shimfiɗa tabarma, ga iska tana shiga riga. Tsakiyar damina ce, ko'ina kore shar, ruwa kwance a ramukan dutsen yana ƙyalli. Na zauna a gindin tsamiyar nan na miƙe ƙafa, na hango kaina da ƙwarya a hannu ina kallon gari daga sama. Muna komawa wurin taro na karɓi lasifika na ce da yawun matan layi duka mun zaɓi tudu. Aka yi tafi, aka sa ni da Malam muka yi musabaha a gaban jama'a, har wata mata ta yi guɗa.

Na koma layin ina tafe ina ƙame kamar na ci yaƙi. Na zayyana musu inuwa, na zayyana musu iska, har na nuna da hannu faɗin dutsen. Matar abokina ta bar ni na gama, tana goge hannu da bakin zane, sannan ta tambaye ni a hankali ina rijiyar wurin take. Na fara kame-kame. Ta sake tambaya ko akwai rafi kusa. Na ce na dai ga ruwa a kan dutse. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Hannuna ta kama ta ja ni bayan gida, inda shekara da shekaru ina zama a gabansa ban taɓa leƙawa ba, don maza ba sa shiga nan. Ta nuna mini durom-durom da aka jiƙa dawa, da inda ake shimfiɗa ta ana yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro, da tukwanen da ake dama garin a dafa, a sauke, a sake dafawa, da randunan tacewa, da tulin ƙwaryar da ake wankewa duk bayan baki. A tsakiyar wurin kuma ga rijiyar da mijinta ya haƙa kafin ya yi ɗakin kwana. Ta ce abin da nake sha tun ina saurayi ruwa ne da aka wahalar, dawa ɗan rakiya ce kawai. Sannan ta ce in fita, wutarta za ta mutu.

Washegari na je wurin mai neman kansila in janye maganata. Ya dafa ni ya ce ai magana ta fita a lasifika, in aka taɓa ta yanzu yaran nan za su ce an yaudare su, gari zai kama da wuta, kuma sunana za a kira. Ya ce in bar maganar ruwa a hannunsa, yana hawa kujera rijiyar burtsatse ce aikinsa na farko. Filin fadama kuwa kafin mako ya zagayo wani surukinsa ya kafa injin buga bulo a wurin. Shi mai bulo ya san abin da sana'arsa ke sha. Aka yi zaɓe yaron ya ci, kaka ta yi aka kwashe layin, gwauraye da tsofaffi suna ɗora tukwane a kan amalanke. Ta rufe gidanta na layi ta ba da shi haya, don sharaɗin da aka yi shi ne ba za a sake hura wutar burkutu a cikin unguwa ba. Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba, inuwar nan ba ta yi ƙarya ba. Amma rani na kamawa ramukan dutse suka bushe. Matan suka haɗa kuɗi suka kira masu haƙar rijiya, ba su yi tsayin mutum ba suka ci karo da dutse, suka gwada wani wurin, dutse. Burtsatse kuwa har yau tana hanya. Samarin masu kwalba, waɗanda saboda su aka yi duk wannan, su ma an kwashe su zuwa tudun, amma ba abin da ya same su, kwalba ba ta neman rijiya. Ba a daɗe ba ma wasunsu suka lallaɓa suka koma cikin gari, suka rubuta gidan abinci a ƙofa, suka rage kiɗa.

'Yan ga-ruwa suka ce ba sa hawa tudun nan sai an ninka musu kuɗi, kuma in aka biya su riba ta tafi. Matan suka fara guduwa ɗaya bayan ɗaya, wata ta koma ƙauye, wata ta koma tuyar ƙosai. Waɗanda suka rage in na gaishe su sai su amsa wa bishiya. Matar abokina ta fara ɗauko ruwa da kanta daga wani famfo da ke gindin tudun, mace mai jika, da bokiti a ka, tana hawa tana tsayawa. Ranar da na hango ta ta ajiye bokitin ta dafa gwiwa, na juya gida na ja akuyata na kai kasuwa. Da kuɗinta na sayi tsohuwar kura da jarkoki.

To, nan na san aiki. Ni da ƙaya ke kamawa a gona, sai ga ni da sassafe a layin famfo tare da 'yan ga-ruwa sa'annin jikokina, suna ce mini Baba Sarki ya fito rangadi. In na cika jarkokin in sa ƙirji in tura, kurar tana kuka ina kuka, in ta ja baya in tokare ta da dutse in tsaya neman numfashi. Abokan shan nawa suna zaune a inuwar da na zaɓa musu suna yi mini kirari, ba wanda ya taɓa saukowa ya kama mini. Ita kuwa kwanakin farko ko kallona ba ta yi, in na sauke ta juye ta miƙo mini jarka babu magana. Daga baya ta fara ajiye mini ɗumamen tuwo a rufe kusa da murhu, ba ta ce nawa ba ne, ni ma ban tambaya ba, na dai cinye. Wata rana ina zaune ina haki ta kawo man kaɗanya ta ajiye a gabana ta ce in shafa wa tafin hannuna, duk ya fashe. Ta ce da babanta zai tashi ya gan ni ina aiki da sai ya sake mutuwa don mamaki. Ranar muka yi dariya har na ji hawaye, kuma a ranar na yi zaton zan iya riƙe ta a garin nan da ƙirjina. Na koyi gane tsiron da ya isa shanya, na koyi irin itacen da ke ba da wuta mai daɗewa. Da tsufana na san abin da ya kamata in sani kafin in buɗe baki.

Sai dai jiki ba ya karɓar rantsuwa. Ana cikin zafin bazara, na kusa kai wa saman tudun, na ji wani abu ya tsinke a marata kamar an ja zare. Hannuna ya saki, kura ta gangara ta kife, jarkoki suka fashe, ni kuma ina kwance a hanya ina kallon ruwan yana komawa inda na ɗebo shi. Wanda Allah ya kawo shi ne Malam, a kan babur ɗinsa, zai je ta'aziyya. Ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa kamar goyo ya kai ni asibiti, aka ce ƙaba ce ta sauka, sai an yi aiki. Kullum sai ya zo duba ni. A nan ya faɗa mini abin da ke cin sa, ya ce shi barci ya nema wa iyalinsa, bai nemi a raba tsohuwa da abincinta ba. Ya ce ba zai iya ba da ruwan rijiyarsa a dafa abin da addininsa ya hana ba, amma in za ta yi kunun zaƙi, ga rumfar shagonsa, ga rijiya, ba ya son ko kwabo. Na ce masa to yanzu wa ya kamata ya tuba tsakanina da shi, ya ce in rufe baki kada ɗinkin ya warware, don ba shi ya yi shi ba balle ya yi mini faci.

Ta karɓa, don ba ta da wata hanya. Kwanakin farko mutanen unguwa suna ratsewa, suna cewa wa ya san da wace tukunya aka dafa. Malam ya fito bayan sallar azahar ya tsaya a bakin titi ya sha kofi guda a gaban kowa, ya ce a ƙara masa. Daga nan aka fara saye. Amma cinikin kunu bai kai ya riƙe gida ba, ga masu yin sa a kowace kusurwa, ita kuma hawan tudun nan ya riga ya cinye mata gwiwoyi. Da ɗanta ya zo Kirsimeti ya gan ta ta rame tana jan ƙafa, bai nemi shawarar kowa ba, ita ma wannan karon ba ta yi gardama ba. Ni na raka su tasha, ina dafe da marata. Na shirya maganganu da yawa, amma da ta zauna a motar sai bakin nan nawa da ya cika gari ya ƙi buɗewa. Ita ce ta leƙo ta taga ta ce kada in ƙara ɗaga abu mai nauyi, kuma in riƙa cin abinci kafin in sha wani abu.

Yanzu in na karɓi fansho nakan je wurin masu waya a gindin lema in sa a kira mini ita. Takan ce lafiya lau take, ana kula da ita, ba ta rasa komai ba. Sai ta fara tambaya, ko an yi shuka, wa ya rasu, wa ya haihu, nawa ake sayar da mudun dawa. Ba ta da abin da za ta yi da farashin dawa a Legas, amma sai ta tambaya, ni kuma sai na bi ta kasuwa na tambayo kafin in kira, don kada ta ji na ce ban sani ba.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Ban ce a bar kiɗa ya hana mutane barci ba, Malam yana da gaskiyarsa, kuma sulhun ya hana a zubar da jini, na gode wa Allah. Amma duk unguwar da irin wannan rigima ta taso, 'yan siyasa za su nemi wanda za su ɗora a kujerar gaba, kuma ba mai aikin suke nema ba, mai son kujerar suke nema. Ina roƙon 'yan'uwana tsofaffi masu baki irin nawa, in aka aike ka ka ji, ka ji ka dawo. In aka ce ka zaɓa wa wasu wurin neman abincinsu, ka ce sai ka tambayo, ko da za a yi maka dariya, ko da za a karɓe lemon. Kada ka yanke hukunci a kan sana'ar da gabanta kawai ka sani. Ni an ba ni yini guda na yi magana da yawun matar da ba ta taɓa neman komai a wurin kowa ba sai a bar ta a garinsu, kuma yau ni ne a Zuru, ita tana can.